Ku Tambayi Likita: Majina Cuta Ce ko Garkuwa?

Tambaya: Likita, duk hunturu sai yarana sun yi mura, majina na ta zuba. Wane magani zan ba su ya busar da ita? Kuma idan ta yi kore, na sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba su lafiya. Kada ki busar da ita, aiki take yi. Majina ruwa ce, wajen kashi 95 cikin 100. Yauƙinta daga wasu dogayen furotin yake, ana ce musu miyusin, manyansu MUC5AC da MUC5B. Jikinsu lulluɓe yake da sarƙoƙin sukari, da yawansu kuma suna ɗauke da sinadarin sayalik asid a baki. To wannan sinadarin shi bairos ɗin fulu, wato mura mai tsanani, ke kamawa a fatar cikin hanci kafin ya kutsa. Da ya ci karo da irinsa a majina sai ya cafke, ya maƙale kamar tsuntsu a danko.

Ƙarƙashin majinar akwai 'yan gashi da ido ba ya gani, kusan 200 a kan kowace ƙwayar halitta, suna kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa. Su ke tura ta zuwa maƙogwaro, a haɗiye. Shi ma bairos ɗin ba ya zuwa hannu rabbana: yana da sinadarin niyuraminides da yake yanke sarƙar ya kuɓuta. Wannan sinadarin shi maganin fulu mai suna Tamiflu ke toshewa, kuma maganin ya fi amfani cikin awa 48 na farkon ciwon.

Matsalar hunturu bushewar iska ce. Majina ta yi kauri, gashin ya kasa ture ta. A 2019 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna haka a jikin ɓeraye: waɗanda aka ajiye a busasshiyar iska fulu ya fi jigata su. Hayaƙin itace da na sigari ma suna kashe wa gashin nan ƙarfi, don haka ki janye yara daga bakin murhu.

Ki yawaita ba su ruwa, mai shan nono ya ci gaba. Ki tafasa ruwa lita 1, ki zuba gishiri giram 9, wato ƙaramin cokali ɗaya da rabi, ya huce, ki ɗiga 2 ko 3 a kowace ƙofar hanci. Idan gishirin ya yi yawa, zai yi raɗaɗi. Kullum ki haɗa sabo.

Koren kuwa daga fararen ƙwayoyin jini yake, ba hujjar bakteriya ba ce, kuma magungunan kashe bakteriya irin su amoksisilin ba sa taɓa bairos. Numfashi za ki ƙirga: sau 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko ƙirji na lotsawa ciki, sai asibiti a ranar.