Tambayi Likita: ciwon daji da haɗin kan ƙasashenmu

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi ta ce an yi wa mahaifiyarta aikin sankarar mama, likita ya ce saura gashi, wato ƙona ƙwayoyin ciwon da hasken inji, su nufi Yamai ne ko su tsallako Sakkwato?

Allah Ya ba Mama lafiya. 'Yar'uwa, tun 2021 Nijar ta samu injin gashi na farko a cibiyar yaƙi da kansa (ciwon daji) ta ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya IAEA, mu kuma nan akwai a asibitin koyarwa na Sakkwato da na Shika a Zariya. Kafin ku biya kuɗin mota sai ku kira ku ji ko injin na aiki, don injin gashi idan ya tsaya yakan daɗe, shi kuma gashi kusan kullum ake yi na 'yan makonni, ba a so a katse a tsakiya. Dan Allah ki tattara sakamakon tsokar da aka ɗiba da hotuna da takardar kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, in an yi mata, ko da Faransanci aka rubuta ki zo da su. Wallahi abin da ke min ciwo kenan, mara lafiya ya tsallako iyaka hannu rabbana, sai an sake gwaji daga farko, kuɗi na ƙarewa ciwon kuma na ci.

Wani malami daga Katsina ya ce shi bai ga amfanin tarukan da cibiyoyin kansa na Afirka ke yi ba.

Malam na fahimce ka, amma akwai abin da ya fito. A 2017 likitocin kansa na ƙasashen Afirka da dama sun zauna da ƙungiyar manyan cibiyoyin kansa ta Amurka, NCCN, suka tsara ƙa'idojin magani da suka dace da kayan aikin da muke da su, don likitan Kano da na Kampala su bi hanya ɗaya. A shekarar ce kuma aka yi yarjejeniya da kamfanonin magani na Pfizer da Cipla kan sauƙaƙa farashin magungunan kansa 16 a ƙasashe shida har da Najeriya, ka san mai sayen sari ba ya biyan kuɗin mai sayen ɗai-ɗai. Inda nake ganin an bar mu a baya shi ne tsakanin Najeriya da Nijar, ya kamata NICRAT, cibiyar bincike da maganin kansa ta ƙasa da ke Abuja, da cibiyar Yamai su samu takardar tura mara lafiya guda da kowa zai karɓa.

Wata Hajiya ta tambaya ko allurar HPV na hana haihuwa.

A'a Hajiya, ba ta hanawa. Tana kare yarinya daga ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, Ruwanda tun 2011 take yi wa 'yan matanta, mu sai Oktoban 2023 muka fara, ga 'yan shekara 9 zuwa 14, kyauta, allura ɗaya. Ki kai jikokinki asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ke ma ki je a duba miki bakin mahaifa.