Hukuncin sana'ar hoto da fim: hoton mutane, biki da hoton ƙawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni matashi ne a Sakkwato, sana'ata ɗaukar hoto. Ina aiki da kyamarar fim irin ta da, ina wanke fim ɗin da kaina, wani lokaci in aika wa masu wanki. Ina ɗaukar mutane da bukukuwan aure, ina kuma yin hoton ƙawa na sayarwa. An ce mini wankin fim surantawa ce da hannu, don haka kuɗina haram ne. Mene ne gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam. Hadisin da ake kafa maka hujja da shi ingantacce ne: Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa masu surantawa ne mafi tsananin azaba ranar ƙiyama. Saɓanin yana kan abin da kalmar ta ƙunsa. A mazhabarmu ta Malikiyya, masu sharhin Mukhtasar na Khalil, a babin walima, sun ce haram shi ne surar mai rai wadda ke da jiki da inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, kamar gunki. Wadda aka yi a takarda ko bango makaruhi ce in an ɗaukaka ta, barinta ya fi in ana wulaƙanta ta kamar ta shimfiɗa. Da kyamara ta zo, Muftin Masar Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya rasu a 1935, ya halatta hotonta, ya ce tsare inuwa ne kamar abin da madubi ke nunawa. Shaihu Ibn Baz ya hana sai da lalura, kamar fasfo. Na rinjayar da halacci, amma wanda ya bar ta don tsantseni ba a zarginsa.

Batun wanki kuwa, a duba abin da hannunka ke yi. Haske ne ke rubuta sura a kan sinadarin azurfa da ke jikin fim lokacin da ka danna kyamara. Surar tana nan a ɓoye. Kai ka naɗa fim a cikin duhu, ka zuba ruwan fito da hoto, na baƙi da fari a zafin digiri 20 na 'yan mintuna, na kala a digiri 38 na minti 3 da daƙiƙa 15, sai ruwan tsayarwa, sai na kafewa, sai ɗauraya. Ina inda ka zana ido ko ka ƙaga hanci? Babu. Ƙara haske ko duhu a wani gefe lokacin bugawa shi ma bai ƙirƙiri gaɓa ba. Hukuncin fim da na waya ɗaya ne.

Inda nake jiye maka tsoro shi ne gidan biki. Ɗaurin aure a masallaci ko ƙofar gida da walimar maza, babu laifi. Amma kamu da sa lalle da wunin mata, inda ake cire mayafi a fito da kwalliya, ba wurinka ba ne. Al'aurar mace ga namijin da ba muharraminta ba dukkan jikinta ce ban da fuska da tafukan hannu, kuma leƙe ta ramin kyamara kallo ne, har ya fi, tunda kana tsayawa ka daidaita. Ka koya wa matarka ko ƙanwarka sana'ar ta riƙe wannan ɓangare. A nan fim yana da tarkon da mutane ke mantawa: mace ta ɗauka, amma wa zai wanke? Fim mai hoto 36 zai bi ta hannun mai wanki, mai sikanin, mai bugawa, kowa ya duba ɗaya bayan ɗaya don gyaran launi. In maza ne, an gudu ba a tsira ba. Ko dai mace ta kammala aikin, ko a ɗauki abin da ya halatta kowa ya gani kaɗai.

Hoton kafin aure, inda saurayi ke riƙe budurwa, kada ka karɓa. Sa rana da kai lefe ba sa halatta komai, sai an ɗaura. Bayan ɗaurin aure hoton ango da amarya cikin sutura ya halatta. Mai son hoton da za a kai wa manemi kuma, gyara haske ya isa. Mayar da fata fara da rage shekaru da kwamfuta algus ne, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Cinikinka da mai biki ijara ce, wato aiki a kan lada, sai a san lada da aiki tun farko: fim nawa, bugu nawa, wane girma, yaushe za a karɓa, wa zai riƙe nagetif, wato fim ɗin da aka wanke. Biki ba ya maimaituwa, fim kuma yana lalacewa ta hanyoyi sanannu. Bakin fim bai kama ba, ka yi ta danna wa iska. Alamarsa mariƙin naɗewa ba ya juyawa in ka ja gaba. Ka buɗe bayan kyamara kafin ka naɗe, haske ya ƙone shi. Ka bar shi a mota cikin zafin Afrilu na garin nan, wanda ke wuce digiri 40, launi ya gurɓace. Ko ka yi wanki da ruwan tanki ba ka sanyaya ba, ko ƙurar hunturu ta manne masa yana bushewa. In hoto bai fito ba, ba ka da lada, ka mayar da kafin alƙalami. In fim ɗin wani ne ya kawo ka wanke ya lalace a hannunka, Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce masu sana'a suna lamunin abin da suka keɓanta da shi, sai ka biya. Riƙe kyamara ta biyu a biki yana cikin cika amana.

Nagetif da ke wurinka ajiya ce. Sa hoton matar mutum a Instagram don talla ba da izininta da na mijinta ba ha'inci ne, ko da ta fito da hijabi.

Hoton ƙawa fili ne mai faɗi: Gulbin Rima da hantsi, masu rini da karofinsu, ginin ƙasa, dawakin hawan salla. Marar rai babu saɓani a kansa. Tsiraici haram ne ko da an kira shi fasaha. Almajiri da mabaraci su ma suna da mutunci, ka nemi yardarsu kafin ka sayar da fuskarsu. Rataya hoton mutum a bango mafi ƙarancinsa karhanci, kuma na fi ƙyamar sa in na malami ne ko shugaba da ake neman tubarraki da shi, domin ta nan mutanen Annabi Nuhu suka fara bautar gumaka, kamar yadda Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas. Ka shawarci masu sayenka su ajiye a albam.

Kuɗin da ka samu ta aikin da ya halatta halal ne. Na wunin mata da ka shiga a baya, ka tuba, ka mayar wa masu shi nagetif ɗinsu ko ka ƙona da saninsu. Wallahu a'alam.