Re: Wai ina mutanen Kano suke sayayya da shaƙatawa a zamanin Turawa?

Salam. Ɗan'uwa na ga tambayarka cewa wai kafin 1960 akwai shaguna da wuraren nishaɗi a Kano ko kuwa gari ne kawai na kasuwar Kurmi da masallaci. To ni dai a Fagge na tashi, mahaifinmu Allah ya jiƙansa akawun awon gyaɗa ne, yawancin abin da zan faɗa maka a bakinsa da na abokansa na ji shi a zaure, wasu wuraren kuma na tarar da su da idona.

Kano ta lokacin fa ba gari ɗaya ba ce. Akwai Birni cikin badala ƙarƙashin Sarki da En'e wato hukumar gargajiya, akwai Nasarawa inda Turawa suke da kulob ɗinsu da filin sukuwa da folo, sai kuma Waje wato su Fagge da kuma Sabon Gari, wanda aka yanka wajen 1913 saboda ma'aikatan jirgi da akawuna 'yan kudu. Abin da za ka saya da inda za ka yi hira da dare duk ya danganta da wane ɓangare kake, kuma ɗan birni in an gan shi Sabon Gari bayan isha'i to gobe sai ya yi bayani a gida.

Jirgin ƙasa ne ya kawo kantuna, ya iso Kano 1911, nan da nan kamfanoni suka jeru kusa da tasha, John Holt, G.B. Ollivant, PZ, na Faransawa CFAO da SCOA, daga baya UAC. Su ba ruwansu da sayar maka da yadi ɗaya, sari suke bayarwa, Kwara 'yan Labanan su ɗauka su kai Kantin Kwari, 'yan koli da dillalai su shiga da shi Kurmi da ƙauyuka. Kuma duk wannan harkar gyaɗa ce ke juya ta. Baba ya ce in kaka ta yi tun asuba jakuna da raƙuma sun cika bakin sikeli, manomi yana tsaye idonsa na kan awo don kar a danne shi, in an gama a ƙirga masa sulalla a tafin hannu, da yawa ba sa karɓar takarda sai kuɗin ƙarfe da za su ji ƙararsa. Kafin la'asar rabin kuɗin ya koma kanti, akoko da atamfa, gishiri, kananzir, fanteka ta amarya, wanda ya samu sosai ya tura sabon keke Raleigh yana tafe yana ja don bai iya hawa ba tukuna. Banki kuwa akwai, Bank of British West Africa, amma na su Alhassan Dantata ne da kamfanoni, talaka tukunya yake binnewa. Famfo da lantarki sun zo 1931 daga Challawa da kuɗin baitulmalin En'e, duk da haka 'yan ga-ruwa ba su rasa ciniki ba.

Nishaɗi kuma kar ka ɗauka Bature ne ya kawo shi. Dambe na mahauta, kokawa, kalankuwa bayan girbi, tashe da azumi, gardawa masu wasa da kura, 'yan kama da 'yan gambara a bakin kasuwa, hawan sallah, duk suna nan kuma ba tikiti, wanda ya ji daɗi ya yi kari. Abin da ya zo sabo shi ne biyan kuɗi a ƙofa ka shiga ka zauna. Majigi kyauta ne, motar gwamnati ta zo ta kafa farin ƙyalle a fili a nuna tsafta da noman zamani da labarin Ingila, mai fassara yana ta zuba da lasifika, yara har da mata kowa na zuwa. Silima daban ce. Rex aka buɗe 1937 a Waje, ba rufi sai dare ya yi, kuma mutanen kirki suna ganin wurin 'yan iska ne tunda unguwar ce ta giya da goge da mata masu zaman kansu. Da gobara ta tashi a silimar El Duniya ranar 13 ga Mayu 1951 mutum 331 suka rasu, da yawa a birni cewa suka yi ai ga irinta nan. Shekara na zagayowa aka buɗe Palace a cikin birni wajen Jakara, ranar har jifa aka yi, amma hakan bai hana samari cika ta ba, Baba da kansa ya ce ta katanga yake dawowa gida.

Rediyo ma 1944 ta zo, akwati ne da aka jawo masa waya, tasha ɗaya tal, kana biyan haya duk wata, wanda ba shi da hali ya je gindin lasifikar da aka kafa a dandali ya ji labarin yaƙi. In kana Kano ka samu tsofaffin teloli da 'yan tebur na Fagge da la'asar, ka saya musu goro, za su nuna maka inda kowane kanti yake da.