Takardar CAC ba ta hana a rufe kanti, kuma riƙe albashin yaro ya fi haɗari

Tambaya: Barista, ina da kantin kayan masarufi da yara huɗu da nake biya duk wata. Na yi rajistar sunan kasuwancina da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Makon jiya wasu jami'ai suka liƙa mini takarda a ƙofa, wai in ban biya kuɗin lasisi ba za su garƙame kantin. Ga kuma wani yarona da ya shekara biyu da rabi tare da ni, an samu giɓi a lissafi, sai na riƙe albashinsa na wata biyu na sallame shi a ranar. Yanzu yana cewa zai kai ni kotu. Mene ne matsayina?

Amsa: Malam, matsalolinka biyu ne, kuma wadda ta fi tayar maka da hankali ita ce ƙaramar. Bari mu fara da ita mu wuce.

Takardar CAC shaida ce kawai cewa sunan da kake kasuwanci da shi naka ne a idon doka. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa duk mai kasuwanci da sunan da ba nasa na yanka ba ya yi wannan rajista cikin kwana 28 da fara harka, ya kuma riƙa miƙa bayanin shekara-shekara. Ka yi daidai da ka yi ta. Amma ba ta ce komai ba game da ginin da kake ciniki a cikinsa. Rajistar wurin kasuwanci da sabunta ta kowace shekara hurumin gwamnatin jiha ne. Kuɗin shaguna da kes-kes kuwa na ƙaramar hukuma ne, domin Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta ikon kula da shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi da allunan talla. Don haka yana yiwuwa hukumomi biyu su nemi kuɗi a kan kanti ɗaya, kowacce kuma tana kan ƙa'ida.

Ɗauko takardar da aka liƙa ka duba abu uku: wace hukuma ce ta fitar da ita, wane kuɗi ne ake nema da sunansa, kuma wace shekara ake bin ka. Dokar 1998 da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai iya karɓa ta ce hukumar harajin da abin ya shafa ce kaɗai ke da ikon karɓa. Je ofishin da kanka ka tabbatar takardar tasu ce. In ta tabbata, ka biya ta banki ko ta hanyar da hukumar ta ayyana, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan kantinka. Kada ka miƙa wa kowa kuɗi a hannu a bakin ƙofa. Wanda ya yi haka yakan biya sau biyu, don sunansa ba ya shiga rajista. In kana ganin an yi maka ƙari, ko an haɗa maka da bashin wanda ya zauna a shagon kafin kai, rubuta ƙorafi kafin wa'adin da ke jikin takardar ya cika, ka haɗa da kwafin yarjejeniyar haya, ka sa a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. In kuwa har an garƙame, kada ka fasa kwaɗon. Wannan laifi ne dabam.

Yanzu ga maganar yaron, wadda ita ce ke iya kai ka gaban alƙali.

Dokokin aiki a Nijeriya na tarayya ne, ba na jiha ba, don haka Dokar Ƙwadago ɗaya ce ke aiki a duk inda kantinka yake. Kuma ba ta ware ƙananan shaguna ba. Yaron da ke tsaron kanti ana biyansa a wata ma'aikaci ne, ko da ba a taɓa rubuta komai tsakaninku ba. Hasali ma rashin rubutun kai yake cutarwa, domin sashe na 7 ya ɗora wa mai gida nauyin ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki: irin aikin, albashi da lokacin biya, sa'o'in aiki, hutu, da wa'adin sallama.

Riƙe albashi shi ne babban kuskuren. Sashe na 5 ya hana cin tarar ma'aikaci ta hanyar yanke masa albashi. In ya jawo maka asara da gangan ko ta sakaci, ana iya cire wani abu madaidaici, amma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tun kafin a cire. Ko da izinin, jimillar abin da za a yanke a wata ɗaya ba za ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin watan ba. Kai ka riƙe na wata biyu cur, ba izini. Ko da a ce giɓin gaskiya ne, wannan hanya ba ta halatta ba. Dalilin dokar a fili yake: mai gida shi ke riƙe da littafin lissafi, shi ke riƙe da albashi, in aka bar shi ya zama mai ƙara kuma alƙali, ba yaron da zai tsira.

Sai sallamar. Sashe na 11 ya tsara wa'adi gwargwadon daɗewar mutum: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga shekara biyar zuwa sama. Yaronka na mako biyu ne, a rubuce, ko kuma kuɗin mako biyun a madadi. Doka ta bar maka damar korar ma'aikaci nan take in ya aikata babban laifi kamar sata, amma kai za ka tabbatar da laifin. Tambayi kanka tsakani da Allah: kana da lissafin kaya na ranar da ya karɓi kanti da sa hannunsa? Shi kaɗai ke riƙe da makulli da aljihun ciniki, ko dukansu huɗun suna taɓa su? Ka ba shi takardar tuhuma ya amsa? In amsar a'a ce, giɓi a littafi ba zai zama hujjar sata ba.

Ƙarar irin wannan tana zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na Tsarin Mulki ya keɓe wa shari'o'in aiki. Yana kuma iya kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku, su gayyace ka sulhu. Shawarata, kada ka jira ko ɗaya. Kira shi tare da wani babba nasa, ka biya shi albashin wata biyun da kuɗin mako biyu ta banki, ku rubuta takardar sulhu ku sa hannu da shaidu. In ka haƙiƙance yana da hannu a giɓin kuma kana da shaida, ku yi wata yarjejeniya dabam kan yadda zai biya, ko ka shigar da taka ƙarar. Kada ka kai shi caji ofis don a tatso maka kuɗin. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma in aka tsare shi ba hujja, kai ma kana iya shiga cikin waɗanda zai nemi diyya a wurinsu.

Ga sauran yaran uku, gyara tun yanzu. Rubuta wa kowanne takardar aiki, shafi ɗaya ya isa. Kowannensu yana da hutun kwana ɗaya a mako, hutun sa'a ɗaya in aikin yini ya kai sa'a shida, hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 6 da albashi bayan ya cika wata 12, da hutun jinya har kwana 12 a shekara in likita ya tabbatar. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kanka ba, don dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ko da yake rashin tilas ba izinin ƙuntata wa mutum ba ne.  Wanda masu shaguna ke mantawa shi ne Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010: kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da kake biya, zuwa asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata, daga aljihunka, ba daga albashin yaran ba. In yaro ya faɗo daga kan tsani yana sauke kwali ya karye, asusun ne zai ɗauki diyya, kai kuma doka ta wajabta maka kai rahoto cikin kwana 7 da faruwar abin.

Game da giɓi nan gaba, a ƙirga kaya duk mako a gaban wanda ke riƙe da kanti, shi da kai ku sa hannu a shafin, kuma mutum ɗaya ne zai riƙe aljihun ciniki a kowane lokaci.