Ga ɗan'uwan da haɗin Brass ɗinsa ya ƙi fitowa

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tun da safe na ga tambayarka, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana wasan Minecraft 1.20.1 da Forge (manhajar da ke ɗaukar mod, wato ƙari a kan wasan), ka rubuta sikirif a KubeJS, mod ɗin da ake canza haɗe-haɗen kayan wasan da shi, don ƙarfen Brass na Create, mod ɗin injuna, ya ƙara wahalar samu, jan ƙarfe uku da tutiya ɗaya, amma tsohon haɗin yana nan daram, sabon kuwa ko a JEI, mod ɗin da ke nuna jerin haɗe-haɗe, bai leƙo ba. Sannan kana son ƙirƙiro wani ƙarfe naka na kanka ka sa shi a tsakiyar layin injunanka. Wallahi da na zo kan wannan maganar ta ƙarshe sai da gabana ya faɗi, don ta wannan ƙofar na shiga, kuma ita ce ta kusa raba ni da wasan baki ɗaya.

A hoton da ka turo, layinka na farko da onEvent ya fara. Wannan tsohon yayi ne, a 1.18.2 ya tsaya. Daga 1.19.2 aka sauya, yanzu ServerEvents.recipes ake rubutawa. Na san daga tsohon bidiyo ka ɗauko, yawancinmu haka muka yi, masu bidiyon ba sa dawowa su ce abin ya canza. Gyara wannan tukuna. Kuma fayil ɗin ya zauna cikin foldar server_scripts, ka buga /reload, ba sai ka fita daga wasan ba.

Idan ya sake ƙi, kada ka zauna kana canke. Buɗe logs/kubejs/server.log, zai faɗa maka sunan fayil da lambar layin da ya maƙale. Kuskure ɗaya tak a rubutu, duk fayil ɗin ya mutu, har da haɗe-haɗen da ba su da laifi. Ni kwana biyu na taɓa yi a kan abu guda: na sa wa wani abu suna "Ƙarfen ma'aikata" a tsakanin waƙafi guda-guda na sama, sai waƙafin da ke cikin kalmar ma'aikata ya rufe sunan tun bai ƙare ba. Mu masu rubuta Hausa wannan tarko yana jiranmu kullum, ka riƙa sa sunayen Hausa cikin waƙafi biyu-biyu. Haka idan wani ya rubuto maka sikirif a waya, wani lokaci wayar kan lanƙwasa waƙafin, ido ba ya gani amma wasan ba zai karɓa ba.

Ka kuma duba ko ka sa KubeJS Create, don mod ne daban, ba ya zuwa cikin KubeJS ɗin kansa. Kuma a rubutun mixing, wato haɗin da miksa ke gaurayawa cikin besin, abin da zai fito shi ne a gaba, kayan haɗi a baya. Mutane da yawa suna juya shi.

To maganar ƙarfen naka. Don Allah ka saurare ni a nan.

Mu biyar ne a sabarmu, wato kwamfutar haya da muke haɗuwa mu yi wasan tare a kanta, kowa yana ba da nasa na kuɗin wata. Ni ke riƙe da sikirif. Na ƙirƙiro wani ƙarfe a startup_scripts, foldar da ake ƙirƙirar sabbin kaya a ciki, na sa masa sunan ciki karfen_inji, babu ƙugiya a kan k ɗin, don sunan ciki ba ya karɓar ƙ ko ɗ ko ɓ, ƙananan baƙaƙen boko ne kawai da lambobi da ƴan alamomi. Duk wani babban inji a duniyarmu ta cikin wasan sai da shi ake haɗawa. Wata huɗu ina gina masana'antarsa. Da dare nake yi, bayan isha'i, wani lokaci an ɗauke wuta ina kallon batirin kwamfuta yana sauka ina cewa bari dai in ƙarasa wannan bel ɗin. Sai da na cika Item Vault, wato manyan rumbunan ajiya, guda biyu da shi. Ba zan manta ranar da layin ya fara tafiya shi kaɗai ba tare da na taɓa komai ba, na tsaya a saman gini ina kallon ƙarfen yana zuba ɗaya bayan ɗaya.

Sai wani daga cikinmu ya ce a ba shi damar shiga fayilolin saba, wai zai taimaka ya rage min aiki. Mutum ne da na sani tun kafin wasan, ban ga dalilin hana shi ba. Ranar wata Alhamis na yi tafiya zuwa ɗaurin auren wani ɗan'uwana. Shi kuma ya zauna ya ga sunayen ciki na Hausa da na sa ba su yi masa ba, wai ba su yi kama da na ƙwararru ba, ya mayar da su Turanci duka. Ya tura wa sauran sabon fayil, ya kashe saba ya kunna. Bai tambaye ni ba. Bai ajiye kwafin duniyar ba. Ko saƙo ɗaya bai turo min ba.

Ka san abin da ke faruwa? Wasan da sunan ciki yake gane kaya. Da ya buɗe wuri ya tarar da sunan da bai sani ba, sai ya mayar da abin iska. Idan kuma ya adana wurin a haka, shi ke nan, ko ka dawo da tsohon suna babu abin da zai dawo. Sauran abokan kuwa sun shiga, sun zagaya ko'ina suna mamakin ina kaya suka tafi, duk inda suka taka suna ƙara tabbatar da asarar ba su sani ba.

Ranar Asabar da dare na dawo a gajiye na shiga. Vault biyun nan wayam. Abin da ya fi ƙona min rai ma ba wannan ba ne. Duk filtar da na sa wa ƙarfen a bakin Brass Funnel, mazurarin da ke tace kaya, ita ma ta zama fanko, filta fanko kuwa komai take bari ya wuce. Tsakuwa, yashi, ɓarɓashin ƙarfe, duk sun kwarara cikin layin da na yi wata huɗu ina tsarawa. Besin sun cika da shara, bel sun tsaya cak, Deployer, hannun injin, na riƙe da tsakuwa. Na zauna ina kallon allo na kai minti ashirin ban motsa ba. Matata ta tambaye ni ko wani abu ya faru a wurin biki, na kasa ba ta amsa.

Da na kira shi, abin da ya fara ce min shi ne ai wasa ne. Har yau wannan kalmar tana min ciwo. Na san wasa ne. Amma daren da na hana idona barci ba wasa ba ne, datar da na saya da kuɗina ba wasa ba ce. Da ma ya ce ya yi kuskure, wallahi da a take ya wuce. Sai ya koma cewa laifina ne da na sa sunaye marasa tsari tun farko. A gaban sauran ya faɗa. Biyu daga cikinsu suka yi shiru, ɗaya ne kawai ya ce masa bai kyauta ba. Mun ci gaba da gaisawa, ba na gaba da kowa, amma na karɓe damar da na ba shi a daren, kuma bayan sati biyu ya daina shigowa da kansa.

Na mayar da tsohon sunan. Can nesa, a wani sansanin haƙar ma'adinai da na daɗe ban je ba, akwai akwati ɗaya da babu wanda ya kusance shi a kwana biyun nan. Na je na buɗe, ga ƙarfen guda sittin da huɗu a kwance yadda na bar su. Da su na sake sa filtoci ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka idan ka sa wa abu suna a startup_scripts, ka ɗauka an yanka masa rago. Sunan da ake gani a wasa ka canza shi yadda ka ga dama ta displayName, na ciki kuwa kada ka taɓa. Kafin ka taɓa wannan foldar ka kwafe duniyar gaba ɗaya ka ajiye gefe, ko da canjin harafi ɗaya ne. Kuma shi /reload ba ya aiki a kan startup_scripts, sai an kashe wasan an kunna, sannan duk wanda zai shiga sabar sai fayil ɗinsa ya zo ɗaya da na saba.

Na manta ban ba ka amsar tsohon haɗin ba. Ƙara sabo ba ya goge tsoho, sai ka cire shi da kanka da event.remove. Amma ka cire ta id, wato sunan haɗin na ciki, kada ka cire ta output, wato abin da haɗin ke fitarwa. In ka ce a cire duk abin da ke fitar da Brass Ingot, har hanyar warware Block of Brass ya koma ingot za ta tafi, mutanenka su zo suna kuka kayansu sun maƙale. Danna F3 da H tare, ka je JEI ka ɗora kan abin da haɗin ke fitarwa, zai nuna maka id ɗin. Na wannan create:mixing/brass_ingot ne. Sunan kowane abu kuma, ka riƙe shi a hannu ka buga /kubejs hand. Gara ka yi amfani da tag, wato sunan rukunin kaya, irin forge:ingots/copper da alamar # a gaba, don in akwai wani mod mai nasa jan ƙarfen kada besin ya ƙi shi.

Wani lokacin ma sikirif lafiyarsa ƙalau, injin ne. Idan ka sa .heated() dole Blaze Burner, murhun da ke ƙarƙashin besin, ya kasance an ba shi gawayi ko wani makamashi, zamansa kawai yana lumshe ido bai isa ba. In .superheated() ka sa, sai ka ba shi Blaze Cake, makamashi na musamman. Miksa kuma ba ta aiki ƙasa da juyi 30 a minti, sa tabarau na injiniya ka duba. Kuma idan haɗi biyu suna cin kaya iri ɗaya, sa abin da kake so ya fito a filtar jikin besin, in ba haka ba zai zaɓar maka wanda ba ka so.

Ni yanzu in abu ya rikice min, jar ɗin Create nake buɗewa kamar zip, in shiga data/create/recipes, in ga yadda su da kansu suka rubuta nasu, in kwafo cikin event.custom in canza lambobi. Ya fi duk wani bidiyo. Kuma ina da wata duniyar gwaji a kwamfutata, fili ne fetal babu komai sai besin ɗaya da miksa da mota ta creative, a nan nake gwada komai kafin ya je saba. Kai ma ka yi irinta yau ɗin nan.

Maganar ba mutane damar shiga fayiloli kuma, ban ce ka zargi abokanka ba. Amma mutum ɗaya ya riƙe, duk mai son canji ya rubuto a duba tare. Ni da na yi haka tun farko da har yanzu mu biyar ne.

In ƙarfen naka ta sequenced_assembly, wato haɗi mataki-mataki, za ka yi shi, irin yadda Precision Mechanism ke zagaye biyar, to kowane mataki sai abin da bai kammala ba ya zama shi ne ke shiga kuma shi ne ke fita, sannan ka ambace shi a transitionalItem. Shi ma abu ne na startup, shi ma sunansa ba a taɓawa.

Gyara layin farkon nan ka buga /reload. In ya ƙi, turo min fayil ɗin kansa, ba hoton allo ba, tare da layuka goma na ƙarshe na server.log. Ina nan bayan isha'i in Allah ya yarda, zan duba maka.