Tukunyar gas ta girki a but ɗin mota, kar ka fara

Lawwali, ka ce direban nan mai Golf da ke lodin Daura ya tambaye ka ko za mu ɗaura masa tukunyar gas ta girki a but tunda fetur na cinye masa riba. Injin zai ci gas ɗin lafiya lau, a Turkiyya motoci miliyoyi da shi suke yawo, amma ba da tukunyar girki ba.

Fara raba abu biyu tukuna. Wanda gwamnati ke ta talla tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, CNG ne, wato iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa, matse shi ake yi har matsinsa ya kai 200 a ma'aunin matsi da ake kira bar. Wanda direbanka ke nufi LPG ne, wato gas ɗin girki, furofen haɗe da butan, ruwa ne a cikin tanki kuma matsinsa ko kashi ɗaya cikin goma na wancan bai kai ba. Tankin wannan ba ya shiga aikin wancan ko da wasa.

Tankin mota na LPG yana da bawul da ke yanke shan gas in ya kai kashi 80, don ruwan kumbura yake in ya ji zafi, to ka tuna ranar Afrilu a Katsina, mota a ajiye a Ƙofar Ƙaura tun hantsi but a rufe, ga tukunyar girki a kwance tana gungurawa, an haɗa ta da tiyon roba da kilif na naira nawa, ba abin da zai tsaida gas in tiyon ya tsinke. Kuma shi wannan gas ya fi iska nauyi, ba sama yake yi ba, ƙasa yake kwanciya. Ramin garejinmu zai cika ba ka sani ba, mai walda na gefe. Yoyo da ruwan sabulu ake nemansa, ban yarda in ga ashana ba.

In an yi aikin yadda ya kamata, akwai ridusa, na'urar rage matsin gas, da ruwan lagireto ke ɗumamawa ya maida gas ɗin tururi, shi ya sa mota ke tashi da fetur sai inji ya ɗau zafi ta juya. Ruwa ya yi ƙasa, ridusa ta yi ƙanƙara, mota ta mutu a hanya. Gas busasshe ne, yana cin mazaunin bawul a wasu injinan, sai ana duba saitin bawul da fulogi a kai a kai.

Riba kuma lissafi ce. Mota tana shan gas fiye da fetur da wajen kashi 20 a lita, kilo ɗaya kusan lita 2 ne, direban ya buga da farashin yau ya ɗora kuɗin kayan haɗi. Masu motoci da yawa da ke kwana gida ɗaya su girke tankinsu, su abin ya fi yi wa. Shi direban kuwa ka tambaye shi, tsakanin Katsina, Mashi da Daura ina famfon da zai cika tankin mota? In ya nuna maka ka kawo shi mu yi magana.