Amsa kan ciwon gwiwar hannun Yaya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Yaya, na ji saƙonka tun ɗazu, marasa lafiya ne suka yi mana yawa a ɗakin fisiyo, wato sashen gashi da motsa jiki na asibiti, shi ya sa sai yanzu. Ka ce wata biyu ke nan gwiwar hannunka ta dama tana ciwo ta gefen waje, ko buta ka ɗaga sai ka ji ya ja har wuyan hannu, kuma wani ya ce ka je a yi maka allura a wurin ka huta. To don Allah dakata da allurar nan tukuna.

Yadda ka kwatanta shi, ya yi kama da abin da Turawa ke kira ciwon gwiwar 'yan tanis. Suna ne kawai, yawancin masu shi ko sandar tanis ba su taɓa riƙewa ba. Masu guduma, masu murɗa sukundireba, masu matsar wanki, masu wuni kan kwamfuta, su muka fi gani, galibi 'yan shekara 30 zuwa 50. Ka laluba ɗan ƙashin nan da ya tuɗo a gefen waje, ka danna ƙasa da shi kaɗan. Nan ne ko? Yawwa. A nan jijiyar tsokar da ke ɗaga wuyan hannu ta manne da ƙashi. Damƙa da murɗawa ba hutu su ke sa ta ɗan tsattsage, kafin ta warke an sake ɗora mata aiki. Shi ya sa musabaha ma wani lokaci sai ka cije leɓe.

Allurar da ake faɗa ta sitiroyid ce, wato maganin rage kumburi da zafi. Gaskiya tana aiki, sati huɗu zuwa shida za ka ji garau, har ka yi ta sa wa mai shawarar albarka. Amma da aka bi sawun mutane har shekara guda, waɗanda aka yi wa ita sun fi samun dawowar ciwon a kan waɗanda suka yi motsa jiki, kai har a kan waɗanda suka yi haƙuri kawai. Ciwon ta ɓoye, jijiyar tana nan yadda take, kai kuma ka koma aiki gadan-gadan.

Abin da za ka yi, ba wai ka rataye hannun ba. Rage abin da ke tayar da shi. In za ka ɗauki kaya, tafin hannu ya kalli sama, gwiwa kusa da jiki. In ciwon ya motsa, naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 10 zuwa 15. Man shafawa na diclofenac ya fi min ƙwayar ibuprofen, musamman in akwai olsa ko matsalar ƙoda. Farasitamol ma babu laifi. Akwai kuma 'yar ɗamara da ake sayarwa, ana ɗaura ta kamar faɗin yatsa biyu ƙasa da gwiwar, ba a kanta ba, lokacin aiki kaɗai.

To ga ainihin maganin, ka saurara da kyau. Zauna, ka ɗora hannun kan tebur, wuyan hannu ya leƙo daga baki, tafin yana kallon ƙasa. Riƙe ƙaramar gorar ruwa, rabin lita. Da ɗaya hannun za ka ɗago shi sama, sai ka saki, mai ciwon ya sauke gorar shi kaɗai, a hankali, kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Saukewar ita ce aikin, kar ka bari ta faɗi da kanta. Sau 10 zuwa 15, ka huta, ka maimaita har zagaye uku, kullum. Ɗan zafi-zafi ba komai, amma in ka wayi gari ya fi jiya, rage ruwan. In ya zama wasa, ƙara nauyi kaɗan. Bayan nan ka miƙe hannun sambal, ka sa ɗaya hannun ka lanƙwasa wuyan hannun ƙasa, ka riƙe daƙiƙa 30.

Yana da naci fa, ban ɓoye maka ba. Wata shida zuwa shekara biyu yake iya ɗauka, kodayake kusan mutum 9 cikin 10 suna warkewa cikin shekara. Tiyata sai wanda ya yi wata 6 zuwa 12 yana duk wannan bai ga sauƙi ba, kuma ba su da yawa.

Amma in gwiwar ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, ko yatsu suna mutuwa, ko tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko faɗuwa ka yi kafin ya fara, wannan wani zance ne daban, gobe-goben nan ka ga likita. Ko babu su ma, in sati shida ya wuce ba canji, a duba ka ido da ido, murya ba ta taɓa hannu. In ka sayi ɗamarar ka turo min hoto in ga inda ka ɗaura ta. Allah ya ƙara sauƙi, a gaida yara.